Madarar da ba a ga tatsarta ba: me kuka gani wajen Yahudawa matafiya?

Direba daga Agadas:
Salamu alaikum jama'a. Bara na ɗauki wani baƙo Bayahude, muka sauka a wata ruga aka kawo mana madara a ƙwarya. Ya yi godiya sosai amma bai sha ba. Washegari da asuba ya roƙi a bar shi ya tsaya wajen tatsa. Ya leƙa cikin ƙwaryar ya ga babu komai, ya tsaya har aka gama tatsar saniyar, sannan ya sha ya ƙoshi. Abin ya tsaya mini a rai. Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Ɗaliba a Manchesta:
Malam direba, ba raini ba ne. Maƙwabciyata ta ce sunan abin Halab Yisra'el, wato madarar da Bayahude ya sa ido a kanta tun daga tatsa. Tsoronsu kada a gauraya ta da ta dabbar da aka haramta musu, kamar raƙumi, doki ko jaki. To kai da ke ƙasar raƙuma, ai dole ya yi taka-tsantsan.

Ma'aikacin jirgin ruwa:
Amma ba dukansu ba ne. Wanda muka yi aiki tare, a Amurka madarar kanti yake sha hankali kwance. Ya ce babban malaminsu Moshe Feinstein ya ba da fatawa a 1954 cewa tunda hukuma na binciken kamfanonin madara tana hukunta mai algus, wannan ya tsaya a matsayin gani da ido. Da muka tsaya a wata tashar da bai amince da binciken hukumarta ba, sai ya koma baƙin shayi har kwana tara. Wallahi ya ba ni tausayi, mutum ne mai son madara.

Ɗaliba a Manchesta:
Ita kuwa maƙwabciyata 'yar Chabad ce, wata ɗariƙar Yahudawa masu tsananta bin dokokin addininsu, ko a Ingila ba ta aiki da wannan sassaucin. In za ta yi tafiya, rabin akwatinta madarar kwali ce mai tambarin malamansu.

Direba daga Agadas:
Allah sarki. Yanzu na gane. Da za mu bar rugar sai da ya cika gorarsa biyu, ya ɗaure bakinsu da kansa.