Famfon ɗaga injin jirgin ruwa ya ƙi riƙewa bayan gyara

Mai jirgi: Salam 'yan uwa, na kwance famfon da ke ɗaga injina Yamaha 115, na canza robobin da ke hana mai yoyo na zuba mai, yanzu famfon yana kuka amma injin in ya tashi sai ya riƙa sauka a hankali, don Allah meye matsalar?

Bakanike: Wa'alaikumus salam, iska ce ta shiga. Ka ɗaga shi har ƙarshe ka sauke sau biyar shida, yana sama ka ƙara man ATF, wato man giyar mota otomatik, har bakin ramin zuba man.

Wani mai jirgi: Malam fara duba sukurun gefen nan da ake sassautawa a sauke injin da hannu, in bai ɗauru tam ba man komawa yake yi.

Bakanike: Gaskiya ne. In duk bai daina ba to bawul ne, ƙananan ƙwallayen da sifirin ɗinsu ba su zauna daidai ba, sai an sake kwancewa.