Wai wane ne Nazim Hikmet da abokan ɗakina suka kusa dambe a kansa?

Ɗalibi a Istanbul:
Assalamu alaikum jama'a. Watana huɗu ke nan a nan ina koyon Turkanci. Jiya da daddare muna shan shayi, abokan ɗakina biyu suka kaure da musu. Ɗaya ya manna hoton wani mawaƙi a bango, Nazim Hikmet, ɗayan ya ce sai an cire, wai maci amanar ƙasa ne. Turkancina bai kai ba, kai kawai nake gyaɗawa. Don Allah me mutumin nan ya yi?

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ai musun nan ya girme su duka. A Salonika aka haife shi a 1902, garin yana hannun Daular Usmaniyya, yau kuwa yana Girka. Ya je karatu Mosko yana saurayi, ya dawo cikakken ɗan gurguzu, ya kuma yi watsi da tsohon ma'aunin waƙar Turkanci, ya dinga rubutu da bakin mutanen kan titi.

A 1938 kotun soja ta yanke masa shekara 28 da wata 4, wai yana zuga sojoji su yi tawaye. Hujjar? An kama ɗaliban makarantar soja suna karanta littattafansa. Shekara 12 ya yi a tsare, galibi a kurkukun Bursa. Ni can ne ya fi burge ni. Yana saƙa don ya samu na aika wa matarsa Piraye, yana zama da manoman da aka ɗaure yana sauraron labarinsu, daga nan ya gina doguwar waƙarsa kan talakawan Turkiyya, wadda ta buɗe a tashar jirgin ƙasa ta Haydarpasha, nan Istanbul ɗinku. Marubucin Turkiyya Orhan Kemal ma ɗaki ɗaya suka zauna, kuma Nazim ne ya ba shi shawarar ya bar waƙa ya kama ƙagaggun labarai.

A 1950 ya yi yajin cin abinci, su mai zane Picasso da marubuci Sartre suka sa baki, aka sake shi cikin afuwar gama-gari. Sai ga takardar kiran aikin soja, mutum yana dab da hamsin ga ciwon zuciya! Ya san inda aka dosa. A 1951 ya sulale a ƙaramin kwalekwale ta Bahar Aswad, jirgin ruwan Romaniya ya tsince shi, daga can ya wuce Mosko. A shekarar aka ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa.

Mai Ja-in-ja:
Malam, a yi haƙuri, amma ba za a wanke shi tas ba. Wanda ya tsere wa zalunci ya faɗa Moskon Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet mai mulkin kama-karya, ai gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Abokin ɗakin nan yana da abin faɗa.

Malamin Adabi:
Da gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma bai bar aƙidar ba har ya mutu. Sai dai can ma bakinsa bai yi shiru ba. Ya rubuta wasan kwaikwayo yana yi wa manyan jam'iyyar gurguzu shaguɓe, a 1957 aka hana nuna shi. Ran 3 ga Yuni 1963 zuciyar ta buga a Mosko, ya je ɗauko jarida bakin ƙofa. A waƙar wasiyyarsa ya roƙi a binne shi a maƙabartar wani ƙauye a yankin Anatoliya na Turkiyya, bishiya tana masa inuwa. Turkiyya ta mayar masa da shaidar ɗan ƙasa a 2009, amma kabarin yana nan a maƙabartar Novodevichy da ke Mosko.

Ɗalibi a Istanbul:
Allah ya saka da alheri, Malam. Hoton dai yana nan bai sauka ba. Abin mamaki, mai cewa a cire ɗin ne ya karanto mini waƙar wasiyyar da ka yau da safe, yana gamawa ya ce har gobe bai yafe masa ba.