Shingil: ciwon da ƙarambau ke bari a jikin dattawa

Da muka zauna tattauna ciwon shingil, abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yawansa. Kusan mutum 1 cikin 3 zai gamu da shi a rayuwarsa, haɗarin kuma yana ƙaruwa sosai bayan shekara 50. Cikin waɗanda suka kai 85, kusan rabi sun taɓa yinsa.

Ƙwayar cutar ƙarambau da aka yi tun yarinta ce ke haddasa shi. Ba ta barin jiki, sai ta laɓe a jijiya, ta tashi idan garkuwar jiki ta yi rauni.

An daɗe a kan alamun farko, kuma ya dace a daɗe. Kafin ƙuraje su fito, fata kan yi zugi ko zafi kamar an ɗora garwashi, a gefe ɗaya kawai, har shafar riga ta gagara. Sannan ƙuraje masu ruwa su jeru kamar ɗamara. Shawarar da kowa ya amince da ita: a ga likita cikin awa 72, lokacin da magunguna irin su asaikulobiya suka fi aiki. In ya kusanci ido kuwa, a tafi ran nan, don yana iya taɓa gani.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne zugin jijiya da kan zauna wa tsoho watanni bayan ƙurajen sun warke.

A rufe ƙurajen, a nisanci jarirai da masu juna biyu da ba su taɓa ƙarambau ba. Akwai rigakafin Shingrix, allura biyu, tsakaninsu wata 2 zuwa 6.