Gishiri ne ko tunani? Muhawarar da ta ɓarke a zauren 'yan gidanmu

Baffa: Salamu alaikum. Yau an auna jinina a asibiti, wai ya hau 160/100. Likita ya ce in rage gishiri. Na ce masa hawan jini tunani ke kawo shi. Mai biyan kuɗin makarantar yara bakwai a wannan zamani, ko lami yake ci sai jininsa ya hau.

Auta: Allah ya ƙara lafiya, Baffa. Maganarku dutse.

Anti Nas: Sannu Baffa, Allah ya ba da sauƙi. Damuwa tana tayar da jini, ba musu, amma ba ita kaɗai ba ce. Daga 140/90 ake kiransa hawan jini, naku ya haura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi guda ke nan. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi har ta gaji.

Baffa: Ai a gidana ba a cika gishiri. Ki tambayi Hajiya.

Yaya Babba: Ranku ya daɗe, dunƙule nawa take jefawa a miyar kuka? Kaso mai yawa na dunƙulen nan gishiri ne. Ga yajin tsiren da kuke tsayawa saye a Sabon Gari duk dare, shi ma da gishiri da dunƙule ake daka shi. Kitsen kuma ban ma taɓo shi ba.

Baffa: Kai da ka fi kowa miƙa hannu idan na buɗe takardar?

Gwaggo: Ku 'yan boko kun cika tsoro. Haihuwa tara na yi, kowace sai na yi wankan jego na kwana arba'in, na sha kunun kanwa har na ƙoshi. Ga ni nan garau.

Anti Nas: Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya, amma wannan misalin a kanmu ya faɗo. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun yi nazarin masu jego a nan Zariya, saboda yawan waɗanda zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa: kumburin ƙafa, haki, ba a iya kwanciya sai an jingina. Sun danganta abin da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa, yana nan jingim a kanwa. Ke kin tsallake, wasu sa'o'inki ba su tsallake ba.

Gwaggo: Waɗannan kwanansu ne ya ƙare.

Anti Nas: Haka ne, amma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Baffa: To mahaifinmu fa? Gishirinsa yake ci har ya tsufa tukuf.

Yaya Babba: Malam da ƙafa yake zuwa gona ya dawo, ya yi gumi sharkaf. Mu daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada sai an tare acaɓa. Minti 150 a mako ake so na tafiya mai ɗan sauri, rabin awa sau biyar. Wa ke yi a cikinmu? Auta da ke cewa dutse, a tambaye shi shishar da suke zuƙa a Samaru.

Auta: Yaya, ta 'ya'yan itatuwa ce fa.

Anti Nas: Ƙamshin ne na 'ya'yan itatuwa. Taba ce da hayaƙin gawayi, kuma jijiyoyin jini take lalatawa.

Baffa: To na ji. Zan riƙa shan zoɓo da tafarnuwa, a bar maganar ƙwayoyi.

Anti Nas: Ku sha zoɓonku, ban da sukari. Amma maganin da likita ya rubuta kullum ne, ko kun ji garau, don hawan jini ba ya sallama. Ranar Juma'a bayan masallaci zan zo da abin awo.

Baffa: Ki zo. Ki fara auna ni kafin a kawo takardar kuɗin makaranta, ki sake aunawa bayan an kawo, sai mu ga mai gaskiya.

Gwaggo: Ni dai kada wanda ya taɓa mini kanwata.