Tseren keken Cape Town: in shiga na kilomita 109 ko in tsaya a gajeren?

Bakano_a_Bellville:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa yin Cape Town Cycle Tour ku ban shawara. Shekarata biyu a garin nan ina karatu, kullum da keke nake zuwa makaranta, amma mafi nisan da na taɓa yi a hawa ɗaya bai wuce kilomita 35 ba, shi ma da na dawo sai da na kwanta kamar an min dukan tsiya. To yanzu abokaina sun matsa min lamba wai mu yi rajistar na watan Maris, akwai dogon mai kilomita 109 akwai gajere mai 42, ni zuciyata tana kan dogon amma wlh tsoro nake ji. Kekena irin mai ƙatuwar tayar nan ne na hawa duwatsu, na hannu na saya. Saura wata huɗu. Zai yiwu kuwa ko dai ganganci ne?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Zai yiwu, wata huɗu ya isa in dai ba wasa za ka sa ba. Awa 7 suke bayarwa, in ka raba za ka ga kamar kilomita 16 ne a awa, kai da kake zuwa makaranta kullum ka fi haka gudu. Amma lissafin takarda daban, hanya daban. Farkon tafiyar daɗi gare shi, ga mutane dubbai ga kiɗa ga masu tafi, ka sauka Muizenberg ka bi bakin teku har Simon's Town kana jin kanka wani zakara, to a nan ake yaudarar sabon shiga, don manyan hawan suna can ƙarshe suna jiranka. Chapman's Peak tukuna, ka gangara Hout Bay kana murna sai ga Suikerbossie a gabanka wajen kilomita 90, ba wani tsawo ne da shi ba, kamar kilomita 2, amma lokacin ƙafa ta riga ta mutu. Ni karona na farko a nan cinyata ta ɗaure tamau, na sauka ina tura keke, wata tsohuwa da ta kusa haifata ta wuce ni tana feda a hankali har da ɗaga min hannu. Laifina ne, ban ci komai ba sai da yunwa ta kama ni, alhali tun awar farko ya kamata mutum ya fara jefa dabino ko ayaba a baki yana kurɓar ruwa ko bai ji ƙishi ba.

Sai iska. Ka san ta ai tunda a garin kake, ta kudu maso gabas ɗin nan da suke kira Cape Doctor. A 2017 saboda ita aka soke tseren gaba ɗaya da safiyar ranar, mutane na riƙe da kekunansu tana neman ƙwacewa. Saboda haka ranar da ka ga ana iska kar ka ce yau hutu, ranar ce ta fita atisaye.

Duk Asabar ka yi doguwar tafiya ɗaya, kana ƙara kamar kilomita 5 zuwa 10, har ka kai 80 kafin ƙarshen Fabrairu, satin ƙarshe kuma ka huta.

Maman_Ilham:
Ni dai Baban Khalifa ban goyi bayanka duka ba. Wanda bai taɓa tuƙi cikin cunkoson kekuna ba, ba nisa ne kawai matsalarsa ba, wani ya taka birki a gabanka ba zato, wani gorar ruwansa ta faɗo tsakiyar titi. Kuma sababbi a rukunin baya ake sa su, kafin su tashi rana ta ɗaga. Ni na 42 na fara yi kuma ban ji kunyar kowa ba. In ka nace sai dogon to ka nemi masu fita rukuni ran Lahadi ka dinga binsu.

Injiniya_Sokoto:
Kar ka sayi sabon keke malam, ɓarnar kuɗi ce. Ka sa a canza maka tayoyin da marasa ƙurajen nan na kwalta, za ka sha mamaki. A duba sarƙa da birki da giya, a ɗaga maka sirdi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwarka za ta kusa miƙewa. Wando mai soso dole, hular kwano ma dole don ba sa barin mutum ya shiga babu ita. Ka koyi canza tif da hannunka, ka riƙe ƙaramin famfo, can ba irin gida ba ne da za ka ga mai faci a gindin kowace bishiya. Sannan ka duba kalanda kafin ka biya kuɗi, na 2025 cikin azumi ya faɗo, ni shi ya sa ban shiga ba.

Bakano_a_Bellville:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar azumin nan ko kaɗan ba ta zo min a rai ba, bari in duba. Ga yadda zan yi, in na iya kilomita 60 kafin ƙarshen Disamba ba tare da na tura keke ba zan shiga dogon, in ba haka ba Hajiya na bi sahunki. Injiniya tayoyin nan nawa ake samunsu, kuma za su hau kan gargaren kekena?