Ina Kasafi Ke Maƙalewa? Musayar Baituka Daga Zariya

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum. Ga baituka kan kuɗin da aka ware wa talaka da yadda suke maƙalewa kafin su iso mazaɓa. Amsa-amon "ya" ne, wanda zai amsa ya riƙe shi.

Da sunan Allah Mai rabon arziki,
Na ɗau alƙalami a birnin Zariya.

A Abuja, 2001, shugabanni sun ce
Kashi 15 na kasafi a bai wa lafiya.

A Maputo, 2003, an ƙara alkawari,
Kashi 10 na noma, har da Nijeriya.

Majalisa takan zauna ta amince,
A sa hannu, a yaɗa wa duniya.

Amincewa daban, sakin kuɗi daban,
Tsakaninsu ne talaka ke shan wuya.

Masu sanin aiki, ku taimaka mana,
Ku nuna inda ake karkatar da kaya.

Malamin Gona, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Na karɓa ta ɓangaren taki.

Malam, ga amsa daga bakin gona,
Lokaci ne jagora a wannan tafiya.

Hekta guda ta masara, in ana son yabanya,
Buhu 8 na kamfa, 3 na yuriya.

Kamfa mai 15-15-15 nake nufi,
Kilo 50 ne buhu in ka je saya.

Zubin farko cikin mako 2 da shuka,
A binne gefen tsiro, kar a watsa bisa kunya.

Zubi na biyu a mako 5 zuwa 6,
Kafin goyo, nan take son ɗawainiya.

Yuriya in an bar ta a fili ba rufi,
Iska ta kwashe ta, an yi asarar dukiya.

Mu nan a Yuni ake yawan shuka,
Takin da ya zo Ogusta ya zo a baya.

Ganye ya riga ya yi ruwan ɗorawa,
Zangarniya ta tsumbure, ba ta da ƙwaya.

Manomi ya karɓa ya kai shi kasuwa,
Dillali ya saye ya kulle a ma'ajiya.

Baɗi ya fito da shi da tsada,
Manomin nan dai shi zai koma ya biya.

A saki kuɗin taki tun a Fabrairu,
Afrilu ta samu kaya a ajiya.

Irin masara SAMMAZ na cibiyarmu ta binciken noma a Samaru,
Akwai mai jure wuta-wuta, a haɗa su ɗaya.

Hajiya 'Yar Sabon Gari:

Malam na gona, ban ƙi ta taka ba,
Amma rabon buhu na da hatsaniya.

Buhun da ya bi ta hannun ɗan siyasa,
Rabi na gida, rabi na 'yan ƙungiya.

Matar da mijinta ya rasu tana noma,
Wa zai kai sunanta? Ga marayu a baya.

Ni dai a tura kuɗi cikin asusunta,
Ta zaɓi shago da kanta ta saya.

Malamin Gona, Samaru:

Hajiya, kin taɓo wurin da ke ciwo,
Sai dai kuɗi a bazara na da wuyar ajiya.

Rumbu ya yi ƙasa, yara na kuka,
Kuɗin taki sai ya koma tuwo da miya.

Tun cire tallafin mai a Mayun 2023,
Dakon buhu ma ya ƙara kuɗin haya.

An gwada wata dabara a 2012,
Shirin GES na tallafin taki, saƙo ya zo ta waya.

Buhu 2 a rabin kuɗi wurin dillali,
Manomi ya nuna lamba ya ɗau kaya.

Abin da ya raunana shi guda biyu ne:
Ƙauyen da ba sabis, saƙo ya tsaya,

Sai bashin dillalai da ya taru,
Wanda ba a biya ba, baɗi zai ja baya.

A dawo da shi, a biya su cikin wata 1,
A liƙa sunaye, kowa ya zo ya duba gaskiya.

Gwaggo Ungozoma, Tudun Wada:
'Ya'yana, ku ɗan matsa. Naku taki ne, namu jini ne.

Batun haihuwa shi ma lokaci ne,
Naƙuda ba ta jiran wayewar safiya.

Dokar lafiya ta 2014 ta yanka aƙalla
Kashi 1 daga kuɗin shigar tarayya.

Rabi na inshora, 45 na ƙananan asibitoci,
Kashi 5 na gaggawa, haɗari a kan hanya.

Mazaɓu 255 ne a jihar Kaduna,
Manufa ce kowacce ta sami asibiti ɗaya.

Gini da fenti ba sa karɓar haihuwa,
Sai da ƙwararriyar ma'aikaciya.

Ungozoma 1 ba ta iya dare da rana,
A sa 4 su yi karɓa-karɓa, shi ne kariya.

Allurar oksitosin mai tsai da jini,
Sanyin digiri 2 zuwa 8 take so, ku jiya.

Wuta ta ɗauke, firji ya huce,
Kwalba na nan, ƙarfinta ya ja baya.

A yi wa mai jego, jini bai tsaya ba,
Sai neman mota zuwa asibitin Shika da tsakar dare, ga wuya.

Firji mai sola ne maganin wannan,
Da kuɗin gyaransa a kasafi, ba a baki ba, Yaya.

Maganisiyam salfet na mai jijjiga,
Ya kwana a kabad, kar a aiki miji ya saya.

Kuɗin asibiti duk wata 3 suke shiga,
Shugaban kwamitin mazaɓa na sa hannu a biya.

In ya sa hannu bai ga rasit ba,
Wallahi da shi za a tambayi ran jaririya.

Malamin Firamare, Gyallesu:

Gwaggo, Allah ya saka, nawa gajere ne,
Dokar ilimin bai-ɗaya, UBE, ta 2004 ce madogara ɗaya.

Shekara 9 kyauta kuma tilas,
Kashi 2 aka ware daga tarayya.

Sai jiha ta ajiye nata rabin tukuna,
In ba ta sa ba, kuɗin na can a ajiya.

In sun fito, a fara da ban-ɗakin 'yan mata,
Rashinsa na mai da budurwa gida don kunya.

Ɗalibin Lauya, Kongo:
Iyayena, ku yi mini izini in sa baki, don duk abin da kuka lissafa akwai hanyar bin sawunsa.

Dokar 'yancin samun bayani ta 2011,
Kwana 7 ta ba hukuma ta amsa tambaya.

Wasiƙar da ta ce "ina kuɗinmu?" kawai,
Ba ta kama kowa, za a ba ta baya.

A rubuta sunan aiki da shekararsa,
Nawa aka ware, nawa aka biya,

Wane ne ɗan kwangila, yaushe zai gama,
A sa hannun mutum 10, ba mutum ɗaya.

A yi kwafi 2, a buga wa ɗaya hatimi,
Da kwanan wata, a riƙe shi a ajiya.

In an hana, kwana 30 ne zuwa kotu,
Kar a yi sanyi wa'adi ya wuce a hanya.

Kotun Ƙoli, ran 11 ga Yulin 2024,
Ta ce kason ƙaramar hukuma ya je mata kai tsaye, ku jiya.

Don haka ciyaman da kansila ma a tambaye su,
Kuɗin magudana da na gyaran rijiya.

Hajiya 'Yar Sabon Gari:

Ɗana lauya, Allah ya yi albarka,
Saura guda, Malam na gona, ga tambaya:

Matar nan ba NIN, ba asusun banki,
Wayar ma ta ɗanta ce, yaya za ta iya?

Malamin Gona, Samaru:

Hajiya, rajista aikin rani ce,
A Janairu a bi mazaɓu ɗaya bayan ɗaya.

Mai ɗaukar NIN ya zo da na'urarsa,
A makarantar unguwa, ba sai ta shigo Zariya.

Mai unguwa da maƙwabtan gona 2 su shaida,
Mace ta rubuta mata, a shiga har cikin gida da tambaya.

Marar waya a ba ta kati mai hoto,
Ta kai wa dillali da kanta, ba ta hannun ɗan aike ko Yaya.

A karanta jerin a bainar jama'a mako 2,
Wanda aka tsallake ya kawo ƙara kafin a rufe, Hajiya.