Gida ya ƙi sayuwa: ku a ina kuka kai tallar naku?

Magajin Gida: Assalamu alaikum. Gidanmu na gado ne a Ɗorayi, ɗaki huɗu da falo, takardu a hannu. Tun bayan ƙaramar Sallah na saka shi a Facebook. Kullum sai "nawa ne?" a ƙasan hoto, amma babu wanda ya tako ya gani. Magada kuma sun matsa a raba. Waɗanda suka taɓa sayarwa, ina kuka kai tallar?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Malam, wane zaure ka saka? Ni da farko a zauren saye da sayarwa na kowa da kowa na saka namu na Rijiyar Zaki. In na ɗora da safe, kafin azahar masu atamfa da turaren wuta sun binne shi, wa zai yi ta gangarawa nemansa? Na koma zauren gidaje da filaye zalla, nake ɗorawa bayan isha'i. Hoton farko ma na canza, na cire na ƙofa na sa tsakar gida, rijiya da tankin ruwa suna fitowa sosai. Wanda ya saya ya ce ruwan ne ya tsayar da shi.

Tsohon Dillali: Alhaji, kafin komai, dillalai nawa ka ba? Nan ake kashe gida. Ka ba biyar, kowa ya miƙa wa 'yan kayi-nayi, kowa ya ɗora nasa a kai ban da la'ada. Sai mai saye ya ga gida ɗaya a WhatsApp da kuɗi kala uku. Me zai ce? Akwai rigima a ciki, balle ya ji na gado ne. Na ga gida mai kyau a Hotoro ya yi kwantai haka, har masu tayi suka koma yi masa tayin wulaƙanci don sun gaji da ganinsa.

Ɗan Kaduna: Na biya a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, aka ɗaga tallata sama. Waya ta yi ta shigowa, har daga Abuja, amma fa gidan a Barnawa yake. Ban ce zai yi wa gidan cikin lungu ba.

Malamin Makaranta: Namu ko intanet bai shiga ba. Mai unguwa na faɗa wa, na kuma yi wa maƙwabta tayi bayan sallar magariba. Ashe na jikin katangarmu ya daɗe yana neman inda zai zaunar da ɗansa. Albarka biyu na yi, a na uku na sallama.

Magajin Gida: Na gode ƙwarai. Baba Dillali, uku na ba, ga kuma ƙanena yana nasa tallar a TikTok da wani farashin. Maƙwabtan ma ban tuntuɓa ba. In na janye daga hannun biyu, da wane baki zan faɗa musu?